Neman Fuskar Zara a Ƙasar Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A ɗakin malamai tambaya, a unguwa tambaya, a waya tambaya. Wannan tana son jin ko da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu, waccan kuma alkaki kawai take cigiya. Ni kuwa in na fara ba da labari da baki daga tsakiya nake farawa, in tsallaka ƙarshe, kafin in dawo farko masu sauraro sun watse. Shi ya sa na ce bari in daure in rubuta shi daki-daki, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rakiya. Ina koyar da zane a wata firamare a Kano, Asabar da Lahadi kuma ni ma ɗaliba ce, ina karatun zane-zane a kwaleji. Zanen fuska da gawayi shi ne abin da raina yake so. Da hutun bazara ya matso, malaminmu ya ce kowa ya nemo aikin da zai gabatar a ƙarshen shekara, ni kuma ya ba ni shawara in je Damagaram in nazarci adon bangon gidajen tsohon Birni. Ya ce, "Bango ba ya tashi, Rakiya. Ki je ki zauna a gabansa, wataƙila ke ma ki koyi zama." To na je ɗin. Sai dai gara in faɗa tun yanzu, bangon nan bai samu rabonsa ba. Yawancin kwanakina a can na ƙarar da su ne wajen neman fuskar wata mata da ta rasu shekaru ashirin da wani abu, don 'yarta ta gan ta kafin a kai ta ɗakin miji.

Da sassafe muka bar Kano, muka bi ta Kazaure da Daura. Takarduna na naɗe su cikin wani guntun bututun roba irin na masu aikin famfo, na ɗaura masa igiya na rataya a kafaɗa. Wata Hajiya mai fataucin atamfa da ke kusa da ni ta yi ta hararar bututun, har dai ta kasa daurewa ta ce, "'Yar nan, in wani abu ne a ciki ki faɗa mana tun kafin iyaka, mu san inda za mu zauna." Na buɗe mata, ta leƙa ta ga takarda fara fat, sai ta ƙara tsorata, don ba ta ga dalilin da mai hankali zai tsallaka ƙasa da takardar da ba a rubuta komai a kanta ba.

A bakin iyaka ma bututun ne ya tsayar da mu. Wani jandarma dogo ya karɓi katina ya duba, sannan ya nuna kafaɗata.

"Madam, wannan fa?"

Na ce ni mai zane ce. Ya juya sandunan gawayina a tafin hannu, ya shinshina ɗaya, ya ce, "To a nuna mana aikin." Ya jawo benci ya zauna, ya gyara zaman hularsa, ya ɗaure fuska kamar za a ɗauke shi hoton katin aiki. Direbanmu yana ta danna ham, fasinja suna ta tsaki. Da na gama ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kunnuwan sun yi yawa. Abokin aikinsa ya leƙo ta bayansa ya ce, "Shef, ai rage maka ta yi." Har Hajiya mai atamfa sai da ta yi dariya. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga nan muka sauya mota, muka bi ta Matamaye da Kance. Abin da na fara lura da shi, Hausarmu ɗaya ce da tasu har sai an zo ƙofar ofis ko makaranta, daga nan kowa ya kama gabansa. Makaranta lakwal ce, wutar lantarki kuran, malamin makaranta mushe. Sannan mutanen can ba su san gaggawa ba. Direba zai tsaya ya gaisa da mutum a gefen titi, ya tambayi iyali da dabbobi da gajiyar shekaranjiya, kuma babu fasinjan da zai ce uffan. Ni kaɗai ce nake ta mutsu-mutsu a kujera, har wani dattijo ya tambaye ni ko cikina ne yake ciwo.

Da la'asar muka shiga gari. Manyan duwatsu ne zube a tsakiyar unguwanni, gidaje sun kewaye su, awaki suna kwance a kai. A gidan Madam Rifkatu na sauka. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, mun saba ne lokacin da ta kawo mahaifinta aikin ido Kano ta sauka a gidan maƙwabtanmu. Kafin in iso ta sayi sabuwar buta da sabuwar tabarma, har ta aika an tambayo mata alƙibla a wajen maƙwabcinsu, ta sa alli ta yi mini alama a bango. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Dokar gidan ɗaya ce, ruwa. Famfo ba shi da lokaci, in ya kawo kowa zai bar abin da yake yi ya ruga da bokiti, har maigidan, Mushe Iliya, da gilashinsa da komai. Ruwan wanka kuma ba a barinsa ya bi rariya, cikin baho ake tsayawa, a kwashe a ba bishiyar lemon da ke tsakar gida. Abinci kuwa ban yi kewar gida ba. Dambu da zogale da ƙuli, fura mai kauri wadda ludayi yake tsayawa a ciki, da burodin nan da kuke tambaya. E, ya kai tsawon hannu, kuma in ya kwana ana iya korar kare da shi. Inda na yi abin kunya wajen shayi ne. Mushe Iliya ya dafa a 'yar butarsa, ya miƙo mini ɗan kofi, na kurɓe na yi godiya na miƙe. Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Malama, wannan na farko ai sallama ce kawai. Akwai na biyu, akwai na uku." Haka na koma na zauna ina karkaɗa ƙafa har aka sauke na ukun.

Washegari na shiga Birni. Adon bangon yana da kyau, ba zan ɓoye ba, wani an zana shi a jikin laka tun tana ɗanya, wani an shafe shi da launi. Na shimfiɗa takarda a inuwa na fara kwafa. Kafin rana ta take na tsinci kaina ina zana fuskar wata mai tallan goro a gefen takardar, bango kuma yana can yana jirana. Na koma kashegari, abin bai sauya ba. Raina ya ɓaci da kaina, na dawo gida ina ta zagaye tsakar gida. Rifkatu ta ce, "Gobe kasuwar Mirriya, kuma ina da aiki a can. Zo mu je ki sha iska kafin ki haƙa mana rami a tsakar gida."

Ƙaramar bas muka shiga, an cusa mu har da kaji. Rifkatu ta wuce wurin aikinta, ni kuma na faɗa layin masu tukwane. Randuna da tuluna da kaskon turare, an yi musu ado da fari da ja da baƙi. Wata budurwa tana zaune a bayan kayanta tana ciniki, doguwar fuska gare ta da wani irin natsuwa, sai na rakuɓe na fara zana ta a ɓoye. Ashe ta gan ni. Da mai sayen ya tafi ta zagayo ta tsaya a kaina, ta kalli takardar, ba ta yi dariya ba kamar yadda mutane suka saba.

Ta ce, "Tanti," haka suke cewa anti a can, "kina iya zana wanda ba ya nan?"

Na ce in akwai hotonsa.

"Babu hoto."

Sunanta Balki. Mahaifiyarta, Zara, ta rasu tun tana goye, kakarta ce ta raine ta. Hoto ɗaya tak aka taɓa ɗaukar Zara, shi ma gara ta cinye shi a cikin akwati tun Balki ba ta yi wayo ba. Ga shi Juma'a ta sama za a ɗaura mata aure, mijin kuma a Agadas yake aiki, can za a kai ta. Ta ce ba ta son komai a bangon ɗakinta sai fuskar uwarta. Ta faɗi haka ne tana gyara bakin mayafi, ba kuka ba roƙo. Abin da ya kamata in ce shi ne ba a koya mana wannan ba, don gaskiya ba a koya mana ba. Amma bakina ya riga ni, na ce zan gwada.

Da kasuwa ta fara watsewa ta kai ni gidansu. Kakar, Iya Hajo, tana zaune ta miƙe ƙafafu, randa a gabanta, tana ja mata layi da gashin kaza da farar ƙasa. Balki ta durƙusa ta yi mata bayani. Iya ta dube ni sama da ƙasa.

"Daga Kano takanas? To sannu da hanya. Zara kuwa ai ga ta nan," ta nuna Balki da gashin kazar. "Kamar an tsaga kara. Shekarunta ma kamar na wannan lokacin da ta tafi."

Na ce a raina aiki ya zo da sauƙi. Na zaunar da Balki, na zana ta a tsanake, na ɗan cika kumatun, na ɗaura mata ɗankwali irin ɗaurin da. Na miƙa wa Iya ina jiran yabo. Ta kalla, ta mayar mini.

"Wannan Balki ce. Balki kuwa ina da ita."

Na tambaye ta to ta ina suka bambanta. Ta ajiye gashin kazar ta yi tunani. Ta ce hanci da baki ba na Balki ba ne, sai na ga Ladi, ƙanwar Zara, da ke aure a Gaffati. Goshi da ido kuwa Mamman ne ya kwashe su, ƙanensu, yana noma a Damagaram Takaya. Mu a kwaleji fensir ake miƙewa a rufe ido ɗaya a auna tsakanin hanci da haɓa. A nan kuwa fuska rabonta ake yi kamar gado, kowa a san abin da ya ɗauka. Balki ta ce dama gobe za ta fara kai goron biki, don a wajensu ba a gayyatar dangi ta waya, sai an taka an je. In ina so in bi ta.

Da na faɗa a gida, Mushe Iliya ya yi dariya har ya cire gilashi. Rifkatu kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Rakiya, kin san abin da kika ɗauko? In kin kasa, yarinyar nan sau biyu ke nan ta rasa uwa." Da maganar nan na yi ta yawo har ƙarshen tafiyar.

Gaffati ba nisa, a kabu-kabu muka je, wato ɗan acaɓa, mu biyu a baya da ƙullin goro da bututuna. Mun tarar da Inna Ladi tana daka. Mace ce mai fara'a, kuma fara'ar ce ta zame mini matsala. Da zarar na ɗago ido na dube ta sai ta fashe da dariya ta rufe baki da mayafi, bakin da na zo dominsa. Mijinta yana kishingiɗe a ƙofar gida yana jinmu, ya ɗaga murya ya ce, "Malama, kin dai san ranar gobe ƙiyama za a ce ki hura wa abin nan rai ko?" Wannan tambaya na saba da ita tun daga Kano, na buɗe baki zan fara dogon bayani, sai Ladi ta gaya masa don wa ake yi. Can ya ce, "Tunda marainiya ce ta roƙa, ni ban ga komai ba." Ya tashi ya juya tabarmarsa ta fuskanci waje.

Sai da Balki ta ja ta da hirar kayan ɗaki sannan na samu na saci hancin da bakin. Da za mu tafi Ladi ta cika mu da fura, ta rako mu har bakin hanya, a nan ta ce, "Yaya Zara fa ba ta wangale baki kamar ni. Gefe ɗaya take murmushi, nan hagu, kamar tana jin kunyar sauran." Na tsaya a tsakiyar rana na gyara bakin kafin in manta.

Takaya ce ta ba mu wuya. Motar kasuwa muka samu, buɗaɗɗiya, mutane a kan buhuna, buhuna a kan mutane. Rana kamar ta sauko ƙasa. A tsakiyar hanya taya ta fashe, aka sauke mu gindin wata aduwa wadda inuwarta ba ta ishi rabinmu ba. Kowa ya nemi wuri ya zauna, wasu har da barci, ni kaɗai nake kai da kawo ina tambayar direba saura yaya. Wata tsohuwa ta ce da Balki, "Baƙuwarku 'yar Najeriya ce ko? Na gani." Da aka gyara muka koma, sai na tarar wani bawan Allah mai jiki ya yi kujera da jakata. Sandunan gawayin da na sayo da tsada a Kano sun koma gari, kamar kwalli.

Ga ni a Takaya, ga takarda, babu abin zane. Kawu Mamman yana gona yana shara kafin damina, ya tara kara da ƙirare yana ƙonawa. A can na ji ana gaisuwa da "wushe", Balki ta ce Barebari suna da yawa a wajen. Da Kawu ya ji matsalata ya tona tokar da sanda, ya zaɓo mini 'yan ƙiraren da suka ƙone ba su zama toka ba. Na gwada a takarda, baƙinsu ya fi na kanti. Amma da aka zo batun zama, ya ƙi.

"Ni da girmana in zauna mace ta ƙura mini ido? Mutanen gari su ce me?"

Balki ta roƙa, ya ce a'a. Da yamma dai ya zauna a ƙofar gida yana tufka igiya, Balki a gefensa, ni kuma na laɓe bayan rumbu kamar ɓarauniya. Ya san ina nan, na san ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba. Balki ta tambaye shi yadda uwarta take. Ya ce ita ta goya shi, kuma in Iya ta ɗauko bulala bayan Zara yake ɓuya, ita ta sha dukan. Yana faɗa hannunsa ya tsaya da tufkar, ya ɗago yana kallon nesa, idon ya kawo ruwa bai zubo ba. Idon da na zana ke nan. A gidansa muka kwana, matarsa ta yi mana tuwon gero da miyar kuka, da safe ya ba Balki akuya gudummawa, wadda ta yi ta kuka a kunnena har Damagaram.

Na koma gidan Rifkatu da hanci a takarda ɗaya, ido a wata, siffar fuska a ta uku. Haɗa su ya fi tara su wuya. In na sa idon Mamman sai fuskar ta koma ta namiji, in na tausasa shi sai Balki ta dawo. Na yaga, na sake, na yaga. Zufa tana ɗiga daga haɓata, dole na ɗaura tsumma a wuyan hannu don kada ta ɓata takardar. Famfo ya kawo, aka yi ta guje-guje, ban ma ji ba. A ƙarshe wata mata ta fito a takardar, mai faɗin goshi, tana murmushi ta gefen hagu. Rifkatu ta tsaya a bayana ta ce kyakkyawa ce. Na ji daɗi, amma ban sakankance ba, don Rifkatu ba ta san Zara ba, ni ma haka.

Ranar ƙunshi na kai shi Mirriya, ana gobe ɗaurin aure. Gida ya cika da mata. Balki tana ɗaki, hannuwa da ƙafafu duk an naɗe su da lalle. Na warware takardar, mata suka yi caa a kai. Wata ta ce Ladi ce, wata ta ce a'a, Mamman ne aka ɗaura wa ɗankwali. Inna Ladi, wadda ta zo biki, ta ce akwai kama sosai, amma na ji yadda ta faɗa. Aka ba Iya hanya. Ita ta gama ɗaura wa amarya lallen, ta ɗauraye hannu ta zo ta zauna, aka ɗora mata takardar a cinya. Ta daɗe tana kallo.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Goshin nata ne. Bakin ma nata ne. Duk nata ne." Ta numfasa. "Amma ba ita ba ce."

Na ce, "Iya, me ya rage? Ki faɗa mini in gyara yanzu."

"Ban sani ba."

Na juya wajen Ladi, ita ma ta girgiza kai. Hutu ya ƙare, gobe zan kama hanya, jibi a wuce da amarya Agadas. Daga kan gado Balki ta ce, "Ba komai, Tanti. Zan tafi da shi haka. Allah ya saka." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya, na ji haushin bakina da ya ce zan gwada.

Iya ba ta saki takardar ba. Mata sun fara komawa hidimarsu, ita kuwa ta sunkuya tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin yaro. "Zara. Zarata." Sai ta ɗora yatsunta a gefen idon hoton, ta shafo su ƙasa a hankali har haɓa. Hannun da sauran damshi. Yatsun suka kwashe gawayin, suka bar dogayen layuka a kuncin da na ɓata yini guda ina sulɓewa. Saura kaɗan in fizge takardar, har na miƙa hannu.

Iya ta tsaya cak. Ta kalli kuncin, ta kalli yatsunta. Sannan ta ɗora su a ɗaya kuncin, wannan karon da gangan, ta ja. Ta sa ɗan yatsa ɗaya a tsakiyar goshi ta sauko da shi bisa karan hanci. Inna Ladi ta leƙo, sai ta dafe baki, ta ce, "Yaya," ta durƙushe a wurin tana kuka.

Ashe Zara tsaga gare ta. Ubanta Babarbare ne daga wajen Gure, mijin Iya na fari, kuma tun tana jaririya danginsa suka sa wanzami ya yi mata tsagar gidansu. Bayan ya rasu Iya ta sake aure ta haifi Ladi da Mamman, su kuma ubansu bai yi wa 'ya'yansa tsaga ba. Ni tambaya ɗaya na yi ta yi daga gari zuwa gari, da wa ta yi kama. Su kuma suka ba ni amsar abin da na tambaya. Tsaga ba a gadonta a jini, babu wanda ya ɗauko ta, don haka babu wanda aka tura ni in gani. Su da suka rayu da ita kuwa sun daina ganin tsagar tun tuni, Zara kawai suke gani.

Na durƙusa a gaban Iya da guntun gawayin gonar Mamman. Ban ƙara layi ko ɗaya ba, sawun yatsunta kawai na bi, ina fito da shi. Tana cewa, "Nan ta ɗan fi tsawo. Nan ta tsaya." Da muka gama ta share ido da gefen zane ta ce, "Kai mata."

Balki ba ta iya karɓa saboda lallen, sai na riƙe mata a gabanta. Ta kalla, ta kalla.

"Iya, tsaga gare ta?"

"Tsagar ubanta."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

Iya ta ce, "Ban san ba ki sani ba."

Balki ba ta ɗauke ido daga takardar ba. Ta ce, "Tun ina ƙarama ake ce mini in ina son ganinta in duba madubi. Ashe da za ta shigo kasuwa ta tsaya a gabana, tambayarta zan yi wace tukunya take so." Ni ma hawaye nake, ba ni da hannun sharewa.

Washegari, bayan an ɗaura aure, na yi sallama da Rifkatu da Mushe Iliya, na kamo hanyar gida da alkaki da kilishi da ciwon baya. Hanyar dawowa ba ta da wani labari, mota ce da zafi da jira. Hoton yana can cikin kayan amarya, an sa shi tsakanin zannuwa don kada ya goge. Abin da ya biyo ni har Kano maganar Balki ce ta ƙarshe a ɗakin nan. Na ɗauka ta gama, na fara naɗe takardar. Sai ta ɗago hannunta mai ƙunshi ta tsayar da ni.

"Tanti, ɗan ƙara matso da ita. Ban gama gaishe ta ba."